Hannun da Baba Ya Ɓoye

Lahadi, 8 ga Yuni, 2008, bayan La'asar

An sallamo mu daga asibiti. Baba yana gida, yana ɗakinsa, yana numfashi. Alhamdulillahi. Abin da ya faru waccan Asabar ɗin a bakin famfon alwala ba zan rubuta shi ba, gani ɗaya da na yi ya ishe ni har ƙarshen rayuwa. Likita ya ce ƙafar za ta dawo a hankali, harshen ma haka. Da na tambaye shi batun hannun, sai ya hau gyara takardun gabansa.

Na dama ne. Ya dunƙule ya lanƙwashe a kan ƙirji, ko an buɗe yatsun sai su koma. Tun a mota Hajiya, mahaifiyarmu, ta ja babbar riga ta rufe shi.

Mutanen layinmu na Kubwa, Allah ya biya su. Alhaji Ɗangoggo mai shagon tayoyi ya rufe shago ya kawo motarsa, shi da liman suka tallabo Baba har gado. Baba bai buɗe ido ba sai da suka fita.

Litinin, da hantsi

Bai ci ba. Kunu ya kurɓa, shi ma don Hajiya ta yi masa kuka.

Na ajiye masa cokali ta hagu, ya ture. Shi da ya rene mu da "hagu ba ta zuwa baki", yau ina zai fara? Na ɗebo na kai bakinsa da kaina, ya yi mini wani kallo da ya sa na mayar da cokalin cikin kwano. Sunan mahaifiyarsa ya raɗa mini, Rakiya, tun ina zanin goyo yake ce mini Uwata. Ashe uwar ta kira ce kawai, ba ta ciyarwa ba.

Talata, cikin bas

Na je Sakatariya neman hutu. Tun daga Kubwa har Berger nake tsara bayani a zuci, oga ko saurara bai yi ba. Ya sa hannu ya ce, "Hajiya Rakiya, uba ɗaya ne, fayil kuwa ba ya ƙarewa." Mutumin da nake ƙorafi a kansa kullum saboda taron yamma! Allah na tuba. Maigidana Abban Zuhra ma ya ce in zauna gidanmu har abin ya daidaita, zai ji da yara. Na gode Allah da ya haɗa ni da mutane.

Muna tsaye cikin cunkoso wajen Gwarimpa. Benaye sai tashi suke hagu da dama kamar an shuka su. Da Baba yana kusa da ni, da yanzu ya nuna mini inda suka ja wayar tarho lokacin wurin duk daji ne, ya kuma faɗa mini sunan kowane rafi da aka cike.

Laraba, bayan Azahar

Mai gashin ƙashi ta fara zuwa. Christiana sunanta, gajera, bakinta ba ya hutawa, Hausarta irin ta Abuja. Tana shiga ta yaye rigar ta ce, "Baba, ki ba ni hannun nan mu gaisa." Ni da Hajiya muka daskare. Baba ya juya fuska bango, ita ko a jikinta, ta yi ta murza yatsun tana ba shi labarin tsadar doya a Dutse.

Da na raka ta ƙofa ta daina dariya. Ta ce, "Anti Rakiya, ni ba hannun ke ba ni tsoro ba. Mutum in ya ƙi ci, ya ƙi tashi, ya ƙi ganin mutane, kwanciyar ce za ta kai shi, ba ciwon ba. Na sha gani."

Na gode mata da ta faɗa mini a fili. Kowa sai "da sauƙi" yake ce mini.

Alhamis, bayan La'asar

Majalisar ƙofar gida ta zauna kamar kullum a gindin darbejiya. Sun aiko a yi musu iso su duba Injiniya, haka suke kiran Baba. Hajiya ta ce yana barci. Idonsa biyu, tagarsa a kan majalisar take, duk abin da ake faɗa yana ji.

Sun ce a gaishe shi. Kujerarsa ta roba suka fito da ita suka ajiye a inda take zama, ba wanda ya hau.

Juma'a, 13 ga wata, da walaha

Ina shara a falo na ga ƙusa tsirara a bango. An cire hoton. Na same shi a sito bayan buhun shinkafa, fuskarsa a ƙasa.

Tun kafin a haife ni hoton nan yake bin mu gida gida: ɗan damben nan baƙar fata na Amurka, yana matashi, ya ɗaga hannuwa. Baba ba ya kiran sunansa, Gwarzo yake ce masa. Labarin kuwa mun haddace shi kamar Fatiha. An tura Baba Ingila koyon aikin waya, shi da abokinsa Baba Nicholas. Can ba wanda ya damu wane ne Bazazzagi, wane ne mai zuwa coci, duk baƙi ne su, ƙofa ɗaya ake rufe musu in sun je neman ɗaki. Baturen da ke koya musu aiki yakan bi ɗalibai da safe yana ba su hannu, in ya iso kansu su biyu sai ya gyaɗa kai ya wuce. Baba ya ce har ya fara tafiya yana kallon takalminsa. Sai ga jarida wata safiya: baƙin yaro ya zama zakaran duniya, kuma bai sunkuyar da kai ya ce na gode ba, ya buɗe baki ya ce ba wanda ya fi shi, fatarsa ma abin ado ce. Ran nan Baba ya shiga aji ya miƙa wa Bature hannu, ya bar shi a miƙe har sai da aka karɓa.

Ni ma na ci albarkacin hoton. Ni ce baƙar gidanmu, baƙa wuluk. Ina firamare a Kaduna na dawo da kuka an ce mini gawayi. Baba bai rarrashe ni ba. Ya ɗaga ni sama da hannun nan na dama har fuskata ta zo daidai da hoton, ya ce, "Uwata, wannan ɗan'uwanki ne. Duniya ta tsaya ta kalle shi. In an kalle ki, ki bari a kalla da kyau." Har yau in na shiga ɗakin taro da wannan maganar nake shiga.

Na goge ƙurar na jingine shi a ɗakina. Ban ce wa kowa komai ba.

Asabar, Magariba

Bai ci ba.

Lahadi, da safe

Ƙanena Fu'ad ya kira daga Fatakwal, wai a kai Baba Indiya, kowa can yake kai nasa yanzu. Na ce mutumin da ya ƙi zuwa falo ne zai je Indiya? Sai na ji yana jan hanci. Na yi nadamar kaifin bakina. Yaron kirki ne, nisa ne ke cinsa.

Litinin, bayan Azahar

Na yi wa Hajiya magana, mun ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ɓoyon nan kashe shi zai yi. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ke kika san shi ko ni? Kin manta ran da aka nuno Gwarzon nasa a talabijin wajen bikin buɗe wasannin duniyar nan, ya tsufa, hannu yana karkarwa? Wa ya tashi ya kashe talabijin? Ya ce ba su kyauta ba, mutum kamar wannan suturta shi ake yi. Ya juyo ya ce mini, in tawa ta zo haka, kada ki bari a gan ni. Amana ya ba ni, Rakiya. Kina so in ci amanar mijina yana kwance?"

Wallahi na manta. Ina wurin, ni ce ma na yi mitar an kashe mana kallo.

Ba mugunta ba ce, so ne. Na ba ta haƙuri, na karɓi tsintsiyar na ƙarasa. Amma wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ina gani.

Talata, da hantsi

Christiana ta tsayar da shi da sanda, ya yi taku har bakin ƙofar ɗaki. Alhamdulillahi! Daga nan ya ji muryar mai ruwa a tsakar gida, ya ja da baya.

Liman ya aiko cewa lalura ta halatta ci da hagu, babu laifi ko kaɗan. Baba ya fi shi sanin wannan. Ba fatawa ce ta ɓace masa ba.

Laraba, bayan Azahar

Na sayi kati na kira Uke. Ban yi shawara da kowa ba. Baba Nicholas can yake noman rogo tun da ya yi ritaya, kuma Hajiya ta hana a gaya masa. Na yi ta kewaye-kewaye, ya katse ni: "'Yata, abokin kuka ake ɓoye wa mutuwa? Me ya sami Usumanu?" Na faɗa masa. Karon farko ke nan da na faɗi sunan abin da bakina.

Ya ce in dafa da shi gobe.

Alhamis, 19 ga wata, bayan Magariba

Yau kam an yi ta.

Ya iso da azahar da 'yar jakarsa da hular nan tasa ta mafarauta. Hajiya ta tare ƙofar ɗaki ta ce, "Baban Alice, sannu da hanya, amma yana barci." Ya ce, "Amarya, matsa mini. Ni da muka kwana ɗaki ɗaya a Ingila, minsharinsa baƙo ne a wurina?" Shi ne abokin ango a bikinsu, ba ta iya masa.

Ya zauna a bakin gado ya yaye rigar. Baba ya kai hagu zai rufe, ya riƙe ta. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Wannan ne? Saboda wannan aka rufe ƙofa?"

Ina tsaye da tire, na kasa gaba na kasa baya.

"Usumanu, ka cika wa yaran nan kunne da labarin Bature. Ka taɓa gaya musu yadda hannun naka yake rawa ran nan? Kamar mazari! Ina bayanka ina gani, duk ajin suna gani, Baturen ma ya gani. Ba ƙarfinsa ya sa aka karɓa ba. Ƙin mayar da shi aljihu da ka yi ne."

Baba ya rufe ido.

"Rufe, kunnenka dai a buɗe yake. Amarya ta ce wai kai ka ce a ɓoye ka, saboda abin da ka gani a talabijin. Kai ka kashe taka, ni na kalli tawa har ƙarshe. Wa ya isa ya fito da wannan mutum in bai ga dama ba? Manyan ƙasarsa ma sun gwada tanƙwara shi sun gaji. Da ƙafarsa ya fito. Yana da ƙarfi ya ce ku kalle ni, baƙi ne ni. Da ƙarfin ya tafi bai ce ku kau da kai ba. Mutanen da iyayensu suka hana mu ɗaki suka miƙe tsaye saboda baƙin mutum mai rawar hannu. Ni ran nan na fi jin namu ne, fiye da ran da ya ci kambu."

Leɓen Baba ya yi ta motsi. Sai ya ce, "Fita."

Tar ta fito, babu nauyin harshe ko kaɗan. Allah ya yafe mini, ina hawaye ina godiya, don tun waccan Asabar ban ji kalma mai kyau haka daga bakinsa ba.

Baba Nicholas ya ɗauki hularsa ya ce, "Zan fita. Ba nisa za ni ba." Ya wuce ƙofar gida ya gaisa da 'yan majalisa, ya zauna daram a kan kujerar Baba.

Juma'a, da hantsi

Hajiya ba ta amsa gaisuwata ba. Baba ya ƙi ko kunun. Christiana ta zo ya ƙi ba ta ƙafa.

Ni 'yasu, me na jawo?

Asabar, bayan La'asar

Bai koma Uke ba. Alhaji Ɗangoggo ya ba shi ɗakin baƙi, ya ce abokin Injiniya ba ya kwana otal a layin nan. Gobe ma a motarsa za a kai shi coci.

Yanzu haka yana kan kujerar, dab da taga, yana ba da labari da ƙarfi kamar mai tallan magani. Wai shi Nicholas ne ya miƙa wa Bature hannu, Usumanu yana ɓoye a bayansa yana salati. Wai Gwarzon ma ba wani iya dambe ya yi ba, gudu ne kawai da surutu. Alhaji Ɗangoggo, ɗan Katsina da iya zuga, sai cewa yake, "Ashe! To mu ba haka Injiniya ya gaya mana ba. Amma tunda ba ya nan, taka za mu ɗauka."

Na leƙa ɗaki. Idon Baba a buɗe, jijiyar wuyansa ta tashi.

Lahadi, Magariba

Rabin kofin kunu. Na gode Allah.

Litinin, bayan La'asar

Yau wai Baba ko Ingilar ma a bisa kuskure aka tura shi. Majalisa har da tafawa. Na ji wani abu ya faɗi a ɗaki, na ruga a guje, ashe kofin silba ya wurga wa taga. Da hagu. Ya kuwa samu.

Hajiya ta tsinci kofin tana duba inda ya lotsa. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Tsofaffin nan biyu ba za su kashe ni ba." Magana ta farko ke nan tun Alhamis, na karɓa hannu bibbiyu.

Talata, da hantsi

Ya ba Christiana ƙafa. Ya je bakin ƙofa ya dawo, ya sake zuwa, ba wanda ya ce ya sake. Ta ce, "Baba, yau kin sha mai!" Bai yi dariya ba, amma bai juya bango ba.

Abinci dai har yanzu. Ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito. Christiana ta ce in aka kai ƙarshen mako a haka sai an koma asibiti an sa masa roba ta hanci. Ban gaya wa Hajiya ba.

Laraba, Asuba

Ya Allah, kai ka san abin da nake roƙo.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan Magariba

Bari in rubuta shi yadda ya faru, don kada gobe in ce mafarki na yi.

Bayan La'asar Christiana tana haɗa kayanta, majalisa ta cika, Baba Nicholas ya fara. Yau cewa ya yi Baturen nan ma tausayi ne ya sa ya karɓi hannun, ganin yaro zai yi kuka.

Baba ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Riga."

Hajiya ta ɗauko babbar riga, wadda za ta lulluɓe komai. Ya girgiza kai. Ta ɗauko wata, ya girgiza. Ya nuna ƙusar bayan ƙofa da sanda, inda 'yar shat ɗinsa ta zaman gida take rataye, mai gajeren hannu. Hajiya ta ce, "Malam, ka tuna abin da ka ce mini." Ya daɗe yana haɗa kalmomin, muna jira. Ya ce, "Na... janye."

Ita ta sa masa rigar da kanta, ta ɓalla maɓallan, ta fice madafa.

Tsakar gidanmu ba wani girma ne da ita ba, amma yau ta zama Kubwa zuwa Zariya. Christiana tana gefensa, ina biye. Ya tsaya ya huta a jikin randa, ya ci gaba. Na buɗe ƙofar gida na koma gefe.

Duk majalisa ta juyo. Ga Baba a tsaye a rana, rabin mutumin da suka sani, hannu a dunƙule a ƙirji kowa yana gani. Alhaji Ɗangoggo ya zabura don murna, ya taho da sauri ya miƙo hannu kamar yadda ya saba yi kullum. Sai da ya miƙa ya tuna. Na ga fuskarsa ta canza. Hannun yana tsaye a iska, janyewa cin fuska, barinsa ma cin fuska. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai juya, kuma ba zai sake fitowa ba.

Baba ya jingina da ƙofa ya saki sandar, Christiana ta cafe. Ya kai hagu ya kama tsintsiyar hannun daman, ya ɗaga shi. Da ƙyar yake tafiya, yana rawa, gumi yana zubo masa, har dunƙulen ya wuce kafaɗa. Jinjina ya yi musu, irin wadda ake yi wa manya, dama a sama hagu tana tallabe.

Alhaji Ɗangoggo ya dunƙule nasa hannun da ke miƙe ya ɗaga sama, ya ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya! Gaishe ka namijin duniya!" Liman ya ɗaga. Mai shayi ya ɗaga da ludayi a hannu. Duk majalisa ta miƙe, hannuwa a sama, har wani mai tura ruwa da bai san hawa ba bai san sauka ba ya tsaya ya ɗaga nasa.

Mutum ɗaya ne bai tashi ba. Baba ya sauke hannun ya kalle shi ya ce, "Niko. Ƙarya... kake. Tashi."

Baba Nicholas ya tashi yana goge ido da hula, ya ce, "Dama ɗumama maka ita nake yi. Kujerar ma ba daɗi."

Aka zaunar da shi. Ya numfasa, ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, su ma suna kallonsa, ba wanda ya kau da kai. Sai ya waiwayo inda nake maƙale a bakin ƙofa.

"Uwata. Yunwa."

Na juya da gudu, na kusa karo da Hajiya. Tana tsaye a bayan ƙofa da kwanon faten tsaki a tire, yana tururi, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta miƙo mini ta ce, "Kai masa waje. Ki sa cokalin ta hagu."